Jagorar feɗe maɓuɓɓugar yawun kyankyaso da gano jijiyoyin da ke ba ta umarni

Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin mai suyar fara da yamma a Yamai ya san yadda ƙamshi kaɗai ke tsinka wa mutum yawu tun kafin ya kai loma baki. Yawun ba ya zuwa da kansa. Jijiya ce ke kai saƙo ga gaɓar da ke samar da shi, kuma a ƙarshen jijiyar akwai wani sinadari da ake saki, wanda shi ne ɗan aiken da ke faɗa wa gaɓar ta fara aiki. Haka abin yake ga ƙwari, sai dai a jikin kyankyaso tsarin ya fito fili har ɗalibi zai iya ganinsa da idonsa, ya kuma gwada shi da hannunsa a kan teburi guda. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗaliban ilimin halittu da malamansu da ma'aikatan ɗakin gwaji, kuma na gina ta a kan kayan da ake iya samu a garinmu da kuma zafin da muke aiki a cikinsa. A nan zan kira gaɓar da ke samar da yawu da sunan maɓuɓɓuga, jijiyar da ke ɗaukar umarni kuwa jijiyar saƙo, domin kada a rikita ta da jijiyar jini ko ta agara.

Abin da ya kamata a riƙe kafin a ɗauki almakashi

Babban kyankyaso mai jan launi da ke fitowa daga masai da magudanar ruwa da dare, wanda masana ke kira Periplaneta americana, yana da maɓuɓɓuga biyu a cikin ƙirji, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kwance a gefen maƙoshi da farkon jakar abinci. Kowace ɗaya ta yi kama da zangarniyar dawa: ƙananan tsabobi masu yawa, kowace tsaba da ɗan siririn bututunta, bututan suna haɗuwa suna ƙara kauri har su zama babban bututu guda. Kusa da kowace zangarniya akwai wata jaka mai siririn bango, kamar ƴar salka, wadda ke ajiye ruwa, ita ma da nata bututun. Dukkan bututan suna bi ta wuya su haɗe, sannan su buɗe a gindin harshen ƙwaron.

A cikin kowace tsaba akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu muhimmanci ga aikinmu. Biyu suna zaune a gindin tsabar daga waje, aikinsu tura gishiri da ruwa; kimanin takwas kuma suna tsakiya, cike da furotin, wato sinadaran narkar da abinci irin su amilas mai farfasa sitaci. Ruwan da ya fito daga tsaba yana da gishiri sosai, amma yayin da yake bin bututu, bangon bututun yana janye wani kaso na gishirin ya mayar wa jiki, shi ya sa yawun da ke isa baki ya fi na farko salami.

Umarni yana zuwa ta hanya biyu. Babbar hanyar ita ce jijiyar da ke fitowa daga ƙullin jijiyoyi na ƙarƙashin maƙoshi, wanda ke cikin kai, ƙasa da ƙwaƙwalwa, kuma shi ke sarrafa sassan baki. Wannan jijiya tana manne da bututun salka, a cikinta akwai zare biyu masu kauri da ake kira SN1 da SN2, tare da wasu sirara. Zaren SN1 yana sakin sinadarin dofamin, siraran suna sakin sinadarin serotonin, SN2 kuwa a jikin kyankyaso yana ɗauke da wani sinadari da ake kira GABA, wanda ba ya sa yawu ya zubo da kansa, sai dai ya ƙarfafa amsar da maɓuɓɓuga ke bayarwa idan aka motsa jijiyar. Hanya ta biyu reshe ne daga jijiyoyin da ke kula da maƙoshi da hanji, shi ma serotonin yake kawowa. Masu bincike na Jami'ar Potsdam a Jamus, a ɗakin gwajin Bernd Walz, sun nuna a shekarar 1996 cewa dofamin yana fitar da yawu mai ruwa wanda babu furotin a cikinsa, serotonin kuwa yana fitar da yawu mai furotin. Wannan bambanci shi ne zuciyar aikin da za mu yi, kuma a ganina babu wani darasi a ilimin jijiyoyin ƙwari da ya fi shi saurin shiga kan ɗalibi: gaɓa ɗaya, ƴan aike biyu, kowane da irin yawun da yake nema.

Samun kyankyaso da haɗa ruwan gishiri

Mataki na farko shi ne samun ƙwari masu lafiya. A shafa man basilin a bakin kwalba mai faɗi daga ciki, a saka ɗan gutsuren burodi da ɓawon ayaba, a jingina mata kwali daga waje ya zama tsani, a ajiye ta da dare kusa da magudanar ruwa. A guji gidan da aka yi feshin maganin ƙwari a makonnin baya, domin yawancin magungunan nan jijiya suke kai wa hari, kuma ƙwaron da ya sha su ya tsira ba zai ba da amsar gaskiya ba. A riƙe waɗanda aka kama na tsawon mako guda a cikin bokiti mai murfin raga, da kwalin ƙwai domin maɓoya, da ruwa a jiƙaƙƙiyar auduga, da dusa ko busasshen burodi. A zaɓi manya masu cikakken fiffike, kuma a tsaya kan jinsi ɗaya a duk gwajin. Maza sun fi sauƙi saboda kitsensu bai kai na mata ba. A sa safar hannu, domin waɗannan ƙwari daga ƙazanta suka fito, kuma mai ciwon asma ya rufe hanci ko ya bar wa wani aikin buɗe bokitin.

Mataki na biyu shi ne ruwan gishirin da zai tsaya a madadin jinin ƙwaron. A cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa na ɗakin gwaji a narkar da giram 9.35 na sodiyam kuloraid, giram 0.75 na fotasiyam kuloraid, giram 0.29 na kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu, giram 0.41 na magniziyam kuloraid mai ruwa shida, giram 1.80 na gulukos, da giram 1.21 na Tris, sinadarin da ke hana tsamin ruwa sauyawa, sannan a daidaita ma'aunin tsami zuwa 7.4 ta hanyar ɗiga ruwan asid na haidurokulorik kaɗan-kaɗan ana aunawa. Ruwan famfo ba ya yi, gishirin girki ma ba ya yi saboda aidin da sauran abin da ake gauraya masa. Tun da akwai sukari a ciki, wannan ruwa yana lalacewa da sauri a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, don haka gara a ajiye shi cikin firiji ba tare da gulukos ba, a zuba gulukos ɗin da safiyar ranar aiki.

Sauran kayan ba su da wuyar samu: madubin ƙara girma mai ido biyu, hantsaki biyu masu tsinin baki, ƙaramin almakashi, siraran allurai, sirinjin insulin na mililita ɗaya, da faranti na Petri da aka zuba wa narkakken kakin zuma ya daskare a gindinsa. Ina gauraya kakin da ɗan garin gawayi domin ya yi baƙi, saboda farar maɓuɓɓuga ba ta fitowa a kan farin gindi. Idan bakin hantsaki ya dakushe, a wasa shi a kan lallausan dutsen wasa wuƙa ana dubawa ta madubi har bakunan biyu su haɗu daidai.

Feɗewa

A saka kyankyaso cikin ƙaramar kwalba, a nitsa kwalbar cikin ƙanƙara na minti 10 zuwa 15 har ya daina motsi. Wannan ya fi shaƙa masa sinadari, domin sanyi ba ya barin wani abu a jijiya, kuma wajibi ne a tabbatar ya suma sosai kafin a taɓa shi da almakashi. A yanke ƙafafu shida daga gindi, a yanke fikafikai, a kwantar da shi rub da ciki a kan kakin, a kafa allura ɗaya a ƙarshen ciki, wata kuma a gefen kai, a ɗan ja kan gaba domin wuya ya miƙe.

A fara yanka daga ƙarshen ciki, a bi gefen dama har zuwa garkuwar da ke rufe wuya, sannan a bi gefen hagu haka nan, bakin almakashi yana kallon sama koyaushe domin kada ya tsaga hanji. A ɗaga ɓawon baya daga ƙarshe zuwa gaba, ana tsinke abin da ke riƙe da shi a hankali, kuma da zarar ciki ya buɗe a zuba ruwan gishiri har ya rufe komai. Daga wannan lokaci kada a bar wani sashe ya leƙo sama da ruwa ko da na minti ɗaya ne. A lokacin hunturu, da iskar Yamai ke busar da leɓe, siririn bututu yana ƙeƙashewa kafin mutum ya juya ya ɗauki hantsaki.

Abin da ido zai fara gani shi ne farin kitse da bututan numfashi masu ƙyalli kamar azurfa. A tsince kitsen ƙirji kaɗan-kaɗan. Jakar abinci za ta bayyana a tsakiya, doguwa mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, kuma a gefenta biyu, wajen gaba, za a ga zangarniyun maɓuɓɓuga. Kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi ke yi shi ne ya tsince maɓuɓɓugar tare da kitse ya jefar. Bambancinsu shi ne kitse fari ne fat kamar alli, yana wargajewa idan an taɓa shi, maɓuɓɓuga kuwa tana da ɗan haske kamar jiƙaƙƙiyar shinkafa, tsabobinta kusan girma ɗaya, kuma idan aka ja tsaba ɗaya sauran suna biyo ta saboda bututun da ya haɗa su. Salkunan biyu sukan ɓace wa mutum idan babu ruwa a cikinsu, domin bangonsu ya fi ledar shan ruwa siranta. A karkata fitila ta haska daga gefe, sai gefensu ya fito.

A kama jakar abinci daga baya, a yanke ta daga sauran hanji, a ɗaga ta sama ana raba ta da tsabobin da ke manne mata. A nan ne reshen jijiyar hanji ke shiga maɓuɓɓuga, kuma wanda ya yi haƙuri zai ga siraran zare suna miƙewa tsakanin bangon maƙoshi da tsabobi kafin su tsinke.

Bin jijiya har zuwa tushenta

Domin ganin babbar jijiyar, ya fi kyau a ɗauki ƙwaro na biyu a kwantar da shi rigingine, saboda bututun haɗaka yana bi ne ta ƙarƙashin ƙullin jijiyoyin. A ja kai gaba sosai a kafe shi, a tsaga fatar wuya a tsakiya, a buɗe ta gefe da gefe da allurai. Za a ga bututan yawu da zobba-zobba a bangonsu kamar na bututun numfashi, sai dai su ba sa ƙyalli domin ruwa ne a cikinsu, ba iska ba. Kusa da su akwai farin igiya biyu da ke haɗa ƙullin kai da na ƙirji. A bi bututun salka zuwa gaba da tsinin allura, ba tare da kama shi da hantsaki ba, domin jijiyar tana manne a jikinsa kuma matsa ɗaya ya isa ya murƙushe ta.

Jijiyar ba ta da launi, don haka sai an rina ta. A haɗa shuɗin metilin mai rauni, kimanin kaso 0.02 cikin ɗari a ruwan gishirin nan, a janye ruwan farantin, a ɗiga rinin a kan wuya da maɓuɓɓuga, a bar shi minti 10 zuwa 20. Tun shekarar 1886 Paul Ehrlich ya gano cewa wannan rini yana kama jijiya mai rai, kuma sirrinsa shi ne iska: launin yana fitowa ne idan naman ya sami iskar shaƙa, shi ya sa ake barin ruwa kaɗan kawai a kansa, ana rufe farantin da jiƙaƙƙiyar takarda domin kada ya bushe. A riƙa leƙawa bayan kowane minti biyar. Akwai ɗan lokaci, wanda ba ya daɗewa, da jijiya ke yin shuɗi sauran nama yana fari. Idan aka wuce shi komai zai rine, aikin ya ɓaci. A wannan ɗan lokaci ne za a ga zaren ya fito daga bayan ƙullin ƙarƙashin maƙoshi, ya hau bututun salka, ya bi shi zuwa ƙirji, sannan ya rarrabu a kan tsabobi kamar saiwar gero. A zana abin da aka gani nan take da fensir, ko a ɗora kyamarar waya a kan idon madubi a ɗauki hoto.

Shuɗin metilin yana nuna hanya ne kawai, ba ya faɗin wane sinadari ke cikin wane zare. Wannan sai da rini na musamman mai neman serotonin, ko mai neman sinadarin da ke ƙera dofamin, bayan an daskarar da naman cikin farafomaldihaid kaso 4 cikin ɗari, sannan a duba da madubi mai hasken fulorasan. Inda aka yi haka an ga zaruruwan dofamin suna tsayawa a saman tsabobi suna kuma bin bututai, na serotonin kuwa suna kutsawa can cikin tsaba tsakanin ƙwayoyin da ke ɗauke da furotin. Ke nan wurin da kowane zare ya ƙare ya dace da aikin da sinadarinsa ke yi. Wanda ke da damar shiga ɗakin gwaji mai irin wannan madubi ya gwada, amma ya yi aikin farafomaldihaid a inda iska ke fita, domin tururinsa guba ne.

Gwajin dofamin da serotonin

A nan ne aikin ya fi daɗi, a nan kuma ya fi neman natsuwa. Dabarar ta samo asali daga hanyar da J. A. Ramsay na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ƙirƙiro a shekarun 1950 domin auna fitsarin ƙwari: a bar gaɓa cikin ruwan gishiri, a ja bakin bututunta zuwa cikin mai, sai abin da ta fitar ya taru ya zama ɗigo mai siffar ƙwallo da za a iya aunawa.

A sassaƙa rami biyu a cikin kakin faranti, kusa da juna, da siririn bango a tsakaninsu, a yi wa bangon ƴar tsaga a sama. Rami ɗaya na ruwan gishiri ne, ɗayan na man farafin na kantin magani, wanda ba kananzir ba ne. A ciro maɓuɓɓugar ɓangare ɗaya daga sabon ƙwaro tare da bututunta mafi tsawo da za a iya samu, a yanke shi kafin ya haɗu da na salka, a cire salkar gaba ɗaya domin ruwanta kada ya gurɓata lissafi. A kwantar da zangarniyar cikin ruwan gishiri, a ratsa bututun ta tsagar, a toshe tsagar da basilin daga sirinji, a ɗora bakin bututun a kan wata allura da aka kafa cikin man. A bar shi minti 10 ya huta. Maɓuɓɓugar da ba a motsa ba kusan ba ta fitar da komai, kuma idan aka ga ɗigo yana girma tun ba a zuba komai ba, to ruwan gishiri ne ke yoyo ta tsagar, sai a sake toshewa.

Sinadaran kuwa a haɗa su a ranar. Miligiram 19 na dofamin haidurokuloraid cikin mililita 10 na tataccen ruwa yana ba da ƙarfin milimola 10 a kowace lita. Na serotonin haidurokuloraid kuwa miligiram 21 ne. Daga nan a ɗebi mililita 0.1 da sirinjin insulin a zuba cikin mililita 9.9 na ruwan gishiri, a girgiza, a sake ɗibar 0.1 daga wannan a zuba cikin wani 9.9. Abin da aka samu maikuromola 1 ne a kowace lita, kuma ya isa ya sa maɓuɓɓuga aiki sosai. Kowane sinadari da sirinjinsa, a rubuta suna a jiki.

Dofamin ba ya jure haske da zafi da iska. Wata rana cikin watan Mayu aka ɗauke mana wuta tun da hantsi, kwalbar ta yi awa uku a kan teburi kusa da taga, muka zuba wa maɓuɓɓuga huɗu babu wadda ta ba da ɗigon kirki. Wata ɗaliba ta ɗaga kwalbar asali ta ce, "Malam, ai da safe fari ne wannan ruwan, yanzu ga shi ya yi ja-ja." Ita ta gano matsalar, domin dofamin idan ya lalace yakan koma ruwan hoda, daga baya ya yi ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar nake naɗe kwalbar da takardar alminiyam, in nitsa ta cikin kular ƙanƙara, in kuma ƙara ɗan asid na askobik, wato bitamin C, a kwalbar asali. Idan an yi haka, sai a gwada askobik ɗin shi kaɗai a kan maɓuɓɓuga ɗaya domin a tabbatar ba shi ke aikin ba. Abin da za a zuba wa maɓuɓɓuga kuwa a bar shi ya huce daga sanyi ya daidaita da ɗaki tukuna.

A janye ruwan ramin, a zuba mai dofamin, a fara duba agogo. Cikin ɗan lokaci ɗigo zai fara kumbura a bakin bututun, yana sheƙi cikin mai kamar ƙwayar tsakiya. A zubar da ɗigon minti biyu na farko, domin tsohon yawun da ya kwana cikin bututu ne. Daga nan, bayan kowane minti biyu ko biyar, a ture ɗigon da siririn tsinken gilashi, a auna faɗinsa da ma'aunin idon madubi, ko da takardar milimita da aka shimfiɗa a gindin ramin. Lissafin girman ƙwallo ne: a ninka faɗi sau faɗi sau faɗi, a ninka da 3.14, a raba da 6. Ɗigo mai faɗin rabin milimita yana ɗauke da kimanin nanolita 65, mai faɗin milimita ɗaya kuwa kimanin 520. A raba da yawan mintuna domin a sami saurin zuba. Bayan minti 15 a wanke ramin sau uku da ruwan gishiri zalla, a jira har zubar ta tsaya, sannan a zuba serotonin a maimaita. Yawanci dofamin ya fi kawo ruwa da yawa.

Saura a nuna cewa yawun biyu ba iri ɗaya ba ne. Hanya mafi arha ita ce ta sitaci da aidin. A dafa agar kaso 1 cikin ɗari tare da sitaci mai narkewa kaso 0.2, a zuba shi siriri a faranti ya daskare. A tattara yawun dofamin da na serotonin daban-daban da siririn bututun gilashi, a ɗiga adadi ɗaya na kowanne a wurare biyu, a ɗiga ruwan gishiri zalla a wuri na uku, a rufe a bar shi awa ɗaya ko biyu. Zafin ɗakinmu ya wadatar, ba a bukatar na'urar ɗumamawa. Sannan a malala ruwan aidin mai rauni a kai. Farantin zai yi shuɗi mai duhu, ban da inda amilas ya cinye sitaci. Abin da ake sa ran gani shi ne da'ira mai haske a wurin yawun serotonin, a wurin na dofamin kuwa ƴar kaɗan ko babu. Wanda ke da ruwan gwajin Bradford, wanda aka bayyana a 1976, zai iya auna furotin ɗin kai tsaye, domin yana juyawa daga ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi gwargwadon yawansa.

Maɓuɓɓuga ɗaya ba hujja ba ce. A yi aƙalla shida daga ƙwari shida, a fara da dofamin a rabinsu, a fara da serotonin a sauran, domin kada gajiyar gaɓa ta yi kama da bambancin sinadari. A rubuta zafin ɗaki a kowane gwaji, saboda sakamakon ƙarfe takwas na safe da na ƙarfe biyu na rana ba za su zo ɗaya ba a garin nan. Ina kuma son wanda ke auna ɗigo ya kasance bai san abin da aka zuba ba, domin ido yakan ga abin da zuciya ke so.

Fara, ƙuda da sauro

Wanda hannunsa ya faɗa a kan kyankyaso zai iya komawa kan fara, wadda ta fi kusa da rayuwar manomanmu, musamman waɗanda suka ga abin da farar dango ta yi wa gonaki a 2004. Sai an samo ta da rai daga gonar da ba a yi feshi ba. Ta kasuwa an riga an dafa ta. Maɓuɓɓugarta tana ƙasan ƙirji, don haka ta ciki ake buɗewa. Ita ma tana da SN1 da SN2 daga ƙullin ƙarƙashin maƙoshi, amma a jikinta SN1 ke ɗauke da dofamin, SN2 kuma serotonin, kuma dukansu suna ƙara aika saƙo lokacin da take ci. Akwai ƙarin zare daga ƙullayen ƙirji mai kawo wani sinadarin da ake kira oktofamin. Serotonin ɗin nan yana da wani aiki a jikin farar hamada, Schistocerca gregaria: binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa ƙaruwarsa a ƙullayen ƙirji ce ke juya farar da ke gudun ƴan'uwanta ta koma mai son taro cikin awanni kaɗan. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni yana zaune a garin da ke da cibiyar AGRHYMET tun 1974, inda ake horar da ma'aikatan kare amfanin gona na ƙasashen Sahel.

Ƙudan nan mai sheƙi da ke sauka kan nama, na jinsin Calliphora, ya saɓa wa duka biyun, domin maɓuɓɓugarsa dogon bututu ce da babu jijiyar da ke shiga cikinta. Serotonin yana iso mata ne ta cikin jini. A kan wannan ƴar gaɓa Michael Berridge, wanda aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya yi shekaru yana aiki a Kambirij da irin dabarar ɗigo cikin mai da aka bayyana a sama, kuma aikin ne ya kai ga gano a 1983 cewa sinadarin IP3 ke buɗe rumbun kalsiyam a cikin ƙwayar halitta, abin da ya tabbata har a jikin ɗan Adam.

Sauro ne mafi ƙanƙanta kuma mafi nauyi a wurinmu, tun da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro sai ta shiga maɓuɓɓugar macen Anopheles kafin ta isa jinin mutum. A jikin Aedes aegypti an nuna a 1995 cewa zaruruwan serotonin suna shiga maɓuɓɓugar mace, wadda ita ke shan jini, babu su kuwa a ta namiji. Ciro ta ba ya bukatar almakashi. A sumar da macen da sanyi, a cire ƙafafu da fikafikai, a kwantar da ita a gefe cikin ɗigon ruwan gishiri a kan gilashin madubi, a danne ƙirji da allura ɗaya, a ɗora ta biyu a wuya, a ja kan a hankali. Maɓuɓɓugar biyu za su biyo kan, kowace da reshe uku masu haske kamar gilashi. Idan ba su biyo ba, a ɗan matsa ƙirjin kusa da wuya sai su fito. A raba su da kan, a rufe da siririn gilashi, a duba da ƙarfin ninki 400. Idan saurayen daga ɗakin kwana aka kamo su tsakanin Agusta da Oktoba, a danna gilashin kaɗan domin reshen ya fashe, a nemi ƙwayoyin zazzaɓin, sirara masu lanƙwasa kamar lauje, suna yawo cikin ruwan.